Inna Za Ta Ajiye Taɓarya

Sallama gare ku masu karatu, na kusa da na nesa. Wadda mura ta toshe wa hanci yau ta ci riba, domin a gidan daddawa za mu wuni, kuma ranar buɗe ta.

Sunana Ma'u, 'yar Inna Tasalla mai daddawa ta garin Roni. Abin da zan ba ku ya faru ne zamanin En'e, lokacin da in ka ji ƙugin mota a hanyar Kazaure to ta gyaɗa ce. Ni kuwa a lokacin bazawara ce ɗanya sharaf, ga wushirya ga tafiyar yanga, ba yabon kai ba. Aurena na fari a Gwiwa bai yi ƙarko ba, aka rabu ba duka ba zagi, na tattaro 'yan kwanukana na dawo gaban uwata.

Sai dai ku san wani abu tun yanzu, in ba haka ba za ku ce Inna ba ta ƙaunata. Ni ce 'yar farinta. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye in da hali. Kakata ce ta raine ni, don haka da na dawo sai muka zama mata biyu a gida ɗaya, turmi ɗaya, amma magana sai ta bi ta wani wuri. Akwai wata jar akuya da ke ɗaure a gindin darbejiyar tsakar gida, ita ce ta fi kowa shan faɗan da aka yi niyya dominna.

"Wasu dai sun bar wuta tana cin ice a banza," in ji Inna, idonta a kan akuya.

Sai in tashi sumui-sumui in janye icen. Akuyar ta ci gaba da tuƙarta.

Daddawar Inna kuwa ba ta wasa ba ce. 'Yan sari daga Babura suke zuwa, wasu har su ƙetara da ita ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, su dawo suna ba mu labarin sefa. Aiki ne mai cin jiki: a dafa kalwa wuni guda, a surfe ta, a wanke har ɓawon ya fita, a sake dafawa da kanwa, a rufe ta ruf sai ta nuna ta yi yauƙi, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Inna ta yi wannan tun kafin a haife ni, har kafaɗarta ta dama ta soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena maza biyu sun bi motar gyaɗa Kano, abin da ke zuwa daga gare su sai gaisuwa mai yawa.

Inna ba mace ce da tsufa zai yi wa ba-zata ba. Tun bara ta fara shiri. Ta kai awaki kiwo wata ruga a bayan Gwiwa, ta sa aka sake mata jinkar ɗaki, ta ɗinka zannuwan da ta ce za su kai ta ƙarshe. Ta kuma shaida wa duniya cewa kalwar bana ce ta ƙarshe, daga ita za ta ajiye taɓarya. Amma ginshiƙin shirin shi ne abin da ita ma ta yi wa tata uwar: 'ya ta karɓi tukwane da 'yan sari, duk ranar kasuwa ta cire wa tsohuwa kasonta, har ranar da Allah ya yi ikonsa. Ni dai na sa a raina ni ce 'yar, tunda ba wata. Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ana nan sai ga Halliru.

Wayyo Halliru! Tela ne a kasuwar Kazaure, yana da keken ɗinki nasa na kansa, ga keken hawa mai madubi biyu. Farar riga yake sawa kullum, fara ƙal, har ina mamakin ko ƙura tsoronsa take ji. In ya wuce, ƙamshi kan tsaya a wurin ya jira dawowarsa. Ranar da na raka kayan Inna kasuwa ya gan ni, ya ɗinke hannun rigar wani bawan Allah da wuyanta saboda kallo. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, na koma gida na zuba gishiri a kunu.

Ku yanzu waya kuke dannawa. Mu wayarmu Iya Fanna ce, wata Babarbariya dillaliya mai ƙunshin zannuwa a ka da goro a kumatu, kullum tana tsakanin Kazaure da Roni. Illarta ɗaya, saƙo in ya shiga bakinta sai ya fito da ƙiba.

Wata hantsi ta shigo ɗakina ta sauke ƙunshi, ta zaro adiko mai ruwan goro, da sabulu a takarda, da 'yar kwalbar turare.

"Ya ce a gaishe ki, ya ce tun da ya gan ki barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya wuce masa wuya, ya rame ya zama kamar zare."

"Iya, shekaranjiya na gan shi, kumatunsa na nan."

"To gaisuwar dai tasa ce, sauran ni na ƙara." Ta gyara zama, ta rage murya. "Amma akwai wadda ba ni na ƙara ba. Gwaggonsa Shatu, wadda ta raine shi, ta ce ta yarda da ke. Sharaɗinta ɗaya, ba za a dafa kalwa a gidansu ba. Ta ce gidan masu farin kaya ne, kada riguna su ɗauki wari masu ɗinki su gudu."

Na yi dariya na ce Gwaggo ta cika son girma. Na buɗe turaren na shinshina, na lumshe ido, na shafa a wuya, na ɗaura adikon na yi juyi a gaban ɗan madubina. A raina na ce wannan magana ce ta tsofaffi, za a daidaita. Ban lura ba ashe Inna na bakin ƙofa tana tsince kalwa a faifai, kuma kunnenta bai tsufa da kafaɗarta ba.

Ba a yi mako ba labari ya zo mini daga bakin rijiya. Wai Inna ta sayar wa Rahamatu maƙwabciyarmu da tukwanenta da turminta, za ta kuma haɗa ta da 'yan sarin Babura. Rahamatu fa! Matar da ke cakuɗa gurguzu a cikin kalwa ta rantse da Allah zalla ce. Kuma sayarwa ce ta a biya a wuce, babu kaso, babu komai, don Rahamatu ba jininta ba ce balle ta ɗauki nauyinta. Na tsaya da tulu a ka ina tunani. Awakin ruga za su riƙe Inna shekara nawa? In fari ya zo fa? Matar da ta ciyar da rabin unguwa za ta koma jiran wanda zai miƙo mata tuwo ta katanga.

Amma in gaya muku gaskiya, ba tausayi ne ya fara zuwa mini ba, haushi ne. Shekara biyu ina kirɓi har tafin hannuna ya yi kanta, ashe a wurinta hannuna bai kai na Rahamatu ba. Masu daddawa sun yarda da hannu, wata in ta taɓa kalwa sai ta nuna lafiya, wata kuwa sai ta lalace. Na ce shi ke nan, Inna ta auna nawa ta ga ba shi da albarka, kunya ce ta hana ta faɗa.

Na tare Iya Fanna a zaure na ce ta tambayo mini dalili a wajen Inna. Ta shiga, ta daɗe, ta fito tana goge baki.

"Ta ce a faɗa wa mai tambaya, masu tafiya birni ba sa tafiya da wari."

"Iyakar abin da ta ce ke nan?"

"Wallahi yau ko gishiri ban ƙara ba."

Na ji maganar kamar gori. Na shiga ɗaki na kwanta ruf da ciki, na yi kuka mai isata, na tashi na ci ɗumamen tuwo don baƙin ciki bai taɓa hana ni cin abinci ba. Ina cikin suɗe kwano dabara ta zo mini. An rufe kalwar ƙarshe, ranar da za a buɗe ta ita ce ranar da Rahamatu za ta kwashi tukwane. Na aika wa Halliru cewa ina son ganinsa a ranar, da hantsi.

Wanda bai taɓa tsayawa a gidan daddawa ranar buɗewa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙudaje kansu sai sun yi shawara kafin su shigo. Da na ji sallamarsa ban wanke hannu ba, ban canza zane ba. Tsohon zanen aikina ne a jikina, wanda ya sha hayaƙi har ba a gane launinsa, kaina ɗaure da tsumma, hannuna duk yauƙi. Na fita zaure a haka.

Yana zaune a kan tabarma cikin farar riga 'yar shara da hula ƙube, ya naɗe ƙafa kamar hoto. Idanunsa sun kawo ruwa. Yana so ya toshe hanci, ladabi ya hana shi, sai ya riƙa shan iska ta baki kamar kifi.

"Ranki ya daɗe, barka da hantsi." Ya yi tari. "Wani abu ne ya mutu a unguwar?"

"Sana'ar uwata ce ke shirin mutuwa, Malam Halliru."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na ga ya haɗiyi yawu, amma bai kau da kai ba, wannan kam na ba shi.

"Haka nake," na ce. "Wadda ka gani a kasuwa da kwalli da lalle, wannan ce ta saya mata su. Ina so in ji, maganar hana kalwa taka ce ko ta Gwaggo?"

"Ta Gwaggo ce. Ni miyar da ba daddawa ko kallonta ba na yi."

"To ka ci a kwano, ka ƙi a tsakar gida?"

"Ma'u, ki saurare ni." Ya matso kaɗan, warin ya mayar da shi. "Na ji zancen Inna. Ba sai kin wahala ba. Keken ɗinkin nan nawa zai ciyar da ke, ya ciyar da ita. Duk wata zan aiko mata da hatsi, na yi alkawari."

Har ga Allah maganar ta taɓa ni, don da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Sai dai bai san Inna ba.

"Matar da ke kunyar kiran sunana ita ce za ta ci hatsin suruki? Za ta karɓa ta yi godiya, ta rabar wa maƙwabta bayan ka tafi, ta kwana da yunwa. Abin da za ta iya ci ba tare da sunkuyar da kai ba shi ne kason tukunyarta."

Ina rufe baki sai muka ji gurr, gurr daga cikin gida, ana gangara wani abu mai nauyi. Na ce masa ina zuwa, na ruga.

Rahamatu ce da 'ya'yanta mata biyu, sun kwantar da babbar tukunyar dahuwa, wadda Inna ta gada daga uwarta, suna mirgina ta zuwa ƙofa. Bakin Rahamatu har kunne. Inna na tsaye a gindin darbejiya ta harɗe hannu a baya, tana kallon akuya kamar yau ta fara ganinta. Iya Fanna na gefe a kan turmi, don ba a taɓa yin abin kallo a Roni babu ita ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na sha gabansu, na kife tukunyar, na haye na zauna daram.

"A'a, Ma'u, lafiya?" in ji Rahamatu. "Sauka mana, baƙin zai ɓata miki zane."

"Wannan zanen? Yaya Rahamatu, ki duba shi da kyau."

Inna ta yi gyaran murya. Tsakanina da ita bai fi a miƙa hannu ba, amma sai ta juya wajen Iya Fanna.

"Fanna, ki ce wa yarinyar nan ta sauka, an riga an yi magana."

Iya Fanna ta juyo gare ni da fuskar aiki. "Ta ce ki sauka."

"Iya, ki ce mata ba zan sauka ba sai an gaya mini laifin hannuna."

"Ta ce ba za ta..."

"Na ji ta, ba kurma ba ce ni." Inna ta ja tsaki. "Wa ya yi zancen hannu? Ki ce mata na ga lokacin da take shinshinar turare tana juyi a gaban madubi. Rabon da in ga haƙoranta a waje haka tun kafin ta tafi Gwiwa. Aure ɗaya ya mutu mata ina kallo, ban iya cewa komai ba. Na biyun ba zai mutu a kan tukunyata ba. Ni tsohuwa ce, loma nawa ta rage mini?"

Ni da na hau tukunya da shirin faɗa, sai ga ni na sunkuyar da kai. Ashe duk kwanakin da nake kumbure-kumbure ina cewa ta raina ni, ita tsufanta ta ɗauka ta sayar don in samu miji mai farar riga.

"Iya," na ce, "ki tambaye ta, in da babu zancen Halliru, wa za ta ba?"

Inna ta sunkuya ta kama kunnen akuya tana murzawa.

"Ke kin sani ai," ta ce da akuyar. "Tun bara 'yan Babura ke cewa daddawata ta ƙara daɗi, ina amsa yabo ina jin kunya. Ni da kafaɗa ta hana ni kirɓi, ina na ga ƙarin daɗi? Akwai hannun da ya fi nawa a gidan nan. Ba dai a faɗa ne."

Jama'a, shekara ashirin da 'yan kai ina jiran yabo ɗaya daga bakin matar nan, da ya zo kuma akuya aka ba. Na fashe da kuka a kan tukunya, ina yi ina dariya, majina da hawaye, ga baƙin tukunya na shafa a fuska garin sharewa. Iya Fanna ma ta ja gefen mayafi tana matsar ido, goro bai fasa tafiya a bakinta ba.

"To ki gaya mata na karɓa," na ce. "Tukwane da 'yan sari da kasonta duk kasuwa, kamar yadda ta yi wa Kaka. Wanda zai aure ni ya aure ni da warina."

"Ki ce mata ta yi tunani," in ji Inna a hankali. "Irin yaron nan ba kullum ake samu ba."

"Na yi."

Inna ta juya ta dubi Rahamatu.

"Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Kuɗin da kika kawo suna nan a ƙulle yadda kika ba ni, ban taɓa ba. Tukunya ta ƙi tafiya."

Rahamatu ta sha kunu, ta ce dama ita tukunyar ta ga kamar da tsaga a gindi, ta tasa 'ya'yanta gaba suka fice.

Sai a lokacin na tuna na bar mutum a zaure, kuma zauren namu ko tari aka yi a tsakar gida ana ji. Na same shi a tsaye, ya riga ya sa takalmi. Fuskarsa ba fushi, ba kuma fara'a.

"Ka ji komai," na ce.

"Na ji." Ya cire hula ya mayar. "Ma'u, Gwaggo ce ta ɗauke ni ina cikin tsumma ranar da uwata ta rasu. Ban taɓa ƙetare maganarta ba, ko sau ɗaya. Yadda kike jin Inna haka nake jin ta."

"Ban ce ka ƙetare ba."

"Ban ce na fasa ba. Ban kuma ce na iya ba." Ya dubi hannuna, ya ce, "Ba ni ɗaya daga cikin daddawar yau."

"Ba ta bushe ba, ɗanya ce. Za ta ɓata maka riga."

"Ba ni dai."

Na koma na mulmulo guda, na naɗe a ganye na kawo. Ya karɓa ya jefa a aljihun farar rigar nan, ina kallo maiƙo ya fara fitowa ta jikin yadin. Ya ja kekensa ya hau, bai waiwayo ba har ya sha kwanar masallaci. Ko gaban Gwaggo zai kai ta, ko a bayan gari zai yar ya wanke aljihu, ban sani ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallon hanya, don ina son mutumin nan, so ba na wasa ba, kuma na san wataƙila bayansa na gani na ƙarshe.

Na share fuska na koma ciki, ga kalwa tuli tana jiran kirɓi.

Inna na gindin darbejiya. Ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bishiya, bakinta a ɗan buɗe. Barci take yi, da rana tsaka, ranar aiki. Tun da nake ban taɓa ganin tafin ƙafarta yana kallon sama rana na waje ba, duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Iya Fanna ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗora yatsa a leɓe.

Na kwantar da turmin a hankali, na mirgina shi can bayan ɗaki inda ƙarar ba za ta kai mata ba, na ɗauki taɓarya.